Mai Zagin Miyar Nawal

"Yaya, ki rufe wurin sharhin nan ki huta mana," na ce da Nawal, ina miƙa mata wayata.

Wani mai kiran kansa Abu Tafarnuwa ne ya sake dira a shafinta na girke-girke. Ya rubuta: "Wannan miyar lalo ce ko ruwan wanki? Ko jan numfashi ba ta yi ba." Duk garinmu na Tanta a Masar kuwa an sani, macen da ta juye soyayyiyar tafarnuwa a lalo ba ta ja numfashi da ƙarfi ba, miyarta ta mutu.

"Ba zan rufe ba. Medhat ne ke tace min sharhi."

Medhat mijinta ne, mutumin da zai suɗe kwano tas ya tashi ko sannu babu. Yana can falo yana danna waya kamar zai fasa ta. Maimakon ya goge zagin, sai ga amsarsa: "Kai mara kunya, duk Masar babu hannu irin na matata. Ranar da ta yi miyar nan ko gidan uwata ba na leƙawa."

Nawal ta karanta, ta sake karantawa, tana murmushi.

Sai wani abu ya faɗo min. "Yaya, hoto kawai kika saka. Wa ya gaya masa ba ki ja numfashin ba? Ke kaɗai ce a kicin fa."

Ta zaro wata tsohuwar waya daga bayan buhun shinkafa.

"Rage murya, ke. Gobe kifina zan zaga, in ji me Medhat zai ce."