Kuɗin Igiyar Iya Lantana

Tun da bankuna suka soke sa hannu da dangwale, ido ya zama makullin asusu, sai ka kalli na'ura sannan take buɗe maka. Iya Lantana, makauniya mai tufka igiya, ta je banki cirar kuɗin sayen rama.

"Iya, sai mai idon da aka rubuta miki ya zo," in ji ma'aikaciyar bankin. "Mijin 'yarki ne."

"Surukina? Mutumin da ko sunansa ba na faɗa? Ga yatsuna goma, su suka nemo kuɗin nan!"

"Doka ce, Iya."

Haka aka kirawo shi daga kasuwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta ja mayafi don kunya. Sannan ya kalli na'urar.

"Barka da zuwa, Malam Sabi'u," in ji na'urar da ƙarfi. "Nawa ka yarda a ba ta yau?"

Iya Lantana ta doka sandarta a ƙasa.

"Ku ji mini! Shekara talatin ban taɓa bara a titi ba, sai yau a banki, kuma da kuɗina!"