Littafin Saman Kwaba

Na kwaɗe hannun 'yata saboda ta taɓa littafin ba alwala. Marigayi Baba ya bar min shi, ya ce kada in mutu ban karanta ba. Rubutun hannu ne irin na allo, na kasa haɗa baƙaƙen, sai na naɗe shi na ajiye saman kwaba shekara shida.

Hankalina bai kwanta ba, na ɗauki littafin, na ja yarinyar har unguwar Rikkos wurin Kawu.

Ya juya shafi, ya dube ni.

"Wa ya ce miki Larabci ne? Hausa ce, da ajami."

"To wace addu'a ce, Kawu?"

Ya gyara tabarau, ya karanta: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Yarinyar ta share hawaye ta ce, "Ta zo mu ji ta."