Baitin da Hajiya Ta Nema

Malam Bahauddeen ya sha gaya wa ɗalibansa na Islamiyyar Dingaya cewa waƙa tana iya ceton rai. Bai taɓa zaton wata rana za a nemi ya kawo hujja ba.

Ga shi yanzu tsaye a bakin gadon asibiti a Birnin Kudu, hula a karkace, cokalin magani a hannu. Hajiya na kwance ta juya wa duniya baya. Zazzaɓin da ya kayar da ita a gida ya biyo su har nan, bai rage komai a hanya ba. An nemi jijiya a hannu, an nema a ƙafa, jijiyoyi sun ɓuya. Saura magani ta baki, bakin kuwa Hajiya ta datse shi.

Nas Najiba ba ta da lokacin ado da magana. "Malam, in na gama zagaye na dawo ba ta sha ba, tiyo za mu zura mata ta hanci. Sai an danne ta. Ka san da wannan."

Ya sani. Ya ga an yi wa maƙwabciyar gadonsu da hantsi, har yanzu kukan bai fita daga kunnensa ba.

Laifin nasa ne, in ana neman mai laifi. Shekarun baya, da basira ta ƙafe masa, ya ƙirƙiro dabara: sai ya tare duk wanda ya fara gani, ya ce a ba shi kalmomi uku da ba su haɗa hanya ba, ya ɗaure su cikin baiti. Dabarar ta yi aiki. Da ita ya rubuta waƙar saukar karatu da ta sa dattawan Gwaram share hawaye da bakin rawani. Sai wata rana ya yi kuskuren tambayar Hajiya. Abin ya yi mata daɗi. Tun daga ranar ya zama haraji: ba baiti, ba cin tuwo, ba baiti, ba wanka.

Ba kuma a musu da Hajiya. Tun da ta zo gidan, matarsa Munawwara ba ta yi barci cikakke ba. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke wanke mata tufafi, ita ke shan faɗa in kunu ya yi zafi, ta kuma sha in ya huce.

"Hajiya, ranki ya daɗe," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Cokali ɗaya tak."

Can, ba tare da ta juyo ba, ta jefo hukunci.

"Kwaɗo. Silifas. Jirgi."

Malam ya lumshe ido. Mutumin da ya haddace awon waƙar Larabawa kamar sunan unguwarsu, ya tattaro duk abin da ya sani, ya gyara murya:

"Duniya jirgi ce, ba ta jiran fasinja,
Kwaɗo da attajiri, silifas za su bari a ƙofa."

A gadon kusa wata tsohuwa mai jinya ta ce, "Allahu akbar." Hajiya ta ce, "Ba daɗi."

Ya sake. Wannan karon ya kawo haƙuri da ladan mai haƙuri, ya cusa kwaɗon a ƙarshe kamar baƙon da ba a gayyata ba. Hajiya ta ja zani ta rufe kai. Munawwara ta taɓa goshinta ta cikin zanin, ta janye hannu da sauri, ta dubi mijinta. Idanunta sun yi ja.

"Malam, don Allah ka bar wa'azin nan. Ba a makaranta kake ba."

"To me zan ce? Kwaɗo ai ba ya sa takalmi."

"Ka sa masa!"

Ƙarar keken magunguna ta taso daga ƙarshen ɗakin. Gado huɗu ya rage tsakaninsu da Najiba, kuma a saman keken ga tiyon nan a naɗe cikin leda. Numfashin Hajiya ya koma gajere, zanin na ɗagawa yana sauka da sauri.

Malam Bahauddeen ya miƙa wa matarsa cokalin. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Ya waiwaya, ya haɗa ido da mahaifin wani ɗalibinsa da ya zo dubiya, ya yanke shawarar bai gan shi ba. Sannan ya tsuguna a tsakiyar ɗakin, ya dafa ƙasa, ya yi tsalle.

"Kwaɗo ya sa silifas ɗin Malam,
Ya hau jirgi zai je Gwaram,
Direba ya ce, kai, sauka nan!
Ya faɗa rijiya, tsundum!"

Awon ya karye a layi na uku. Hular ta faɗi a na huɗu. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in babban mutum ya zame a kasuwa.

Zanin ya motsa. Ido ɗaya ya leƙo.

"Sake."

Ya sake. Ya ƙara tsallen, ya ƙara tsundum ɗin, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A karo na uku Hajiya ta tuntsire da dariya, baki buɗe har ganɗa. Munawwara ba ta jira fatawa ba. Cokalin ya shige, ta toshe mata baki da tafin hannu har sai da maƙogwaro ya motsa.

Najiba ta iso, ta dubi cokalin, ta dubi malamin da ke durƙushe yana haki, ta tura kekenta gaba.

"Saura na yamma, Malam. Ka tanadi gwiwa."

Munawwara ta sunkuya ta ɗauki 'yarta Hajiya, ta goya ta a baya, ta ɗaure zani. Sunan mahaifiyar Malam aka raɗa mata, shi ya sa ba mai iya kama sunan a gidan, sai dai a ce Hajiya. Bayan ƙaramar salla za ta cika shekara huɗu.