Yaron da Baba Ya Ce In Bari a Gida

A shekarar da gero ya ƙi, ina ɗan shekara goma sha biyu, Yaya Sani ya tafi neman aiki ta hanyar Agadas, ya bar mini tsohuwar wayarsa. Akwai wasan ƙwallo a ciki: kai ne kocin wata ƙaramar ƙungiya, kana rainon yara, in sun goge manyan ƙungiyoyi su saye.

Wata rana bayan La'asar ina wasan a zaure, Baba ya dawo daga gona ya zauna kusa da ni, hannunsa na ƙamshin ɗanyar gyaɗa. Wata bakwai ke nan ba labarin Yaya.

Na nuna masa wani ɗan wasan gaba nawa da manyan ƙungiyoyi ke zawarci.

Ya ce, "In sun tafi, suna dawowa?"

"A'a, Baba."

Ya daɗe yana kallon ɗan hoton. "To, bar wannan a gida."

Na ce to. Yana tashi alwala na sayar da yaron, don ina ɗokin samun kuɗin da ƙungiyata za ta hau rukuni na gaba.

Har Baba ya rasu, yakan tambaye ni, "Yaron nan fa?" In ce yana nan lafiya. Har yau ban san ko wane yaro yake nufi ba.