Masunci a Hamada

Wata yarinya ta zame daga dutsen da ake hawa kallon zanen shanu na mutanen zamanin da, ta faɗa tafki. Masu yawon Juma'a suka yi cirko-cirko a bakin ruwa. Duk 'yan Tamanrasset ne, garin hamadar Aljeriya da muke zaune, ba wanda ya iya iyo.

Babana ne ya yi tsalle, da rigarsa. Shi ne wanda abokan aikin gini ke wa dariya tun da ya baro tafkin Madarunfa: "Masunci, yau kifi nawa ka kamo a yashi?" Ni kaina a lekkol, makarantarmu, ban taɓa faɗin sana'ar gidanmu ba.

Ya nutse, ya daɗe, ya ɓullo da ita tana tari.

Kakanta, wani dattijon Buzu, ya tsaya gaban babana da ke karkarwar sanyi. Irin mutanen nan ne da ko wajen cin abinci ba sa buɗe fuska. A gaban kowa ya warware rawaninsa, ya lulluɓa masa.

"Ɗan wane ne kai?" ya tambaya da Hausa.

Na riga babana amsawa: "Ɗan Sarkin Ruwa ne. Ni kuma 'yarsa ce."