Wanda Ke Kashe Injin Alhaji Kaumi

Injin tatsar man gyaɗa na Alhaji Kaumi ya sake mutuwa da hantsi, gyaɗa cike da bakinsa. Safiyanu ya leƙo ta tagar ofis, ya girgiza kai, ya koma cikin sanyinsa ya shigar da abin a kwamfuta.

Aikinsa ke nan. Tun da ya dawo daga Kano da takardar difloma a shekarar 1996, ya shawo kan Alhaji cewa masana'anta a wannan zamani ba da hasashe ake tafiyar da ita ba, da alƙaluma ake yi. Alhaji ya sayo kwamfuta, ya sayo mata iyakwandishan don an ce ba ta jure zafin Potiskum, aka jona su duka a tsohon janaretan da ke jan masana'antar. Kwamfuta ce ba ta son zafi, amma Safiyanu ne ya yi kumatu.

Ba a jima ba inji ya tsiro da halin tsayawa, sai ka ce da ma jiran gwani yake. Makanike ya zo wata Laraba, ya kwance, ya ɗaure, ya wuni yana saurare, ya ce inji ƙalau yake.

"Tun da ba ƙarfe ba ne, to hannun mutum ne, ranka ya daɗe," in ji Safiyanu. "Ba ni dama, alƙaluma za su fito mana da shi."

A ransa kuwa ya riga ya gama shari'a. Baba Bunu ne, dattijon da ke tuƙa injin, wanda ke kiran kwamfutar "talabijin ɗin Malam". Amma ai mai ilimi ba ya nuna mutum da yatsa. Ga shi a wurin akwai Ngizimawa, da Karekare, da Barebari, da Fulani, kowa da mai zuwa roƙa masa. Sai ya sa maƙeri ya buga 'yan lambobi a gwangwani, aka zuba a hula, kowa ya zura hannu ya ɗauki tasa a ɓoye. Shi ya fara, don misali, idonsa na kan Alhaji ko ya burge, ko lambar bai duba ba. Wasu suka rataya tasu a wuya, wasu a jikin makulli. Zarami maigadi zai riƙa duba lambar duk wanda ya shigo da wanda ya fita, ba suna, ba sanayya.

Sannan ya ƙara da abin da ya fi alfahari da shi. Ya sa Alhaji ya rantse gaban kowa cewa duk lambar da ta fito, mai ita ya bar aiki a ranar, ko ɗan wane ne.

Daga nan fa tsoro ya shiga masana'anta. Magidanta suka daina raha. Shi kuwa gogan kullum ya iso da takalmi yana sheƙi, ya jefa wa Zarami makullansa don ya tura masa Vespa inuwa ya kawo masa su, ya shige ofis ya ja ƙofa.

Alƙaluma kuwa suka fara magana. Inji ba ya tsayawa da sassafe. Ba ya tsayawa ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, da Safiyanu kan wuni can yana tallata wa fatake tunkuzar dabbobi. To wa ke hutu ranar Laraba? Baba Bunu! Safiyanu har da tafa wa kansa. Makon da ya tafi Kano gyaran firinta ma inji bai yi ko tari ba, ya ce lalle makircin tsohon nan ya kai, so yake a ce boko ƙarya ne.

Da wata ya cika, ya sa kwamfuta ta gwama zuwan kowace lamba da tsayawar inji. Lamba ɗaya ce ta hau daram. In tana ciki inji ya mutu, in ba ta nan ya rayu. Sha bakwai. Tsabtar sakamakon sai da ta sa shi ƙwalla.

Washegari ko ofis bai buɗe ba, ya tara kowa a tsakar fili. Inji na ta aiki a bayansu, lafiya lau. Ya yi jawabi mai tsawo kan adalcin alƙaluma, yadda ba su san dangi ba, ba su jin kunyar furfura. A nan ya ɗan dubi Baba Bunu. Sannan ya gyara murya.

"Lamba sha bakwai."

Ba wanda ya motsa.

"Kowa ya ɗaga tasa," in ji Alhaji.

Hannuwa suka tashi. Ta Baba Bunu huɗu ce. Safiyanu ya bi layi yana dubawa, ya dawo ya sake bi, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Malam Safiyanu, ko dai talabijin ɗin ta ruɗe?" in ji Alhaji.

"Kwamfuta ba ta ƙarya, ranka ya daɗe! Ku zo ku gani da idonku."

Suka ɗunguma bayansa. Ya murɗa makulli, ya banka ƙofa, hannunsa ya tafi inda ya saba, ya danna iyakwandishan. Janareta ya yi wani irin nishi, fitila ta dushe, can cikin masana'anta inji ya yi ƙugi ya mutu.

Safiyanu ya tsaya cak. Bai taɓa jin nishin nan ba, don kullum ƙofa a rufe take. Ya waiwaya a hankali, ya tarar Alhaji da ma'aikata duk ba shi suke kallo ba. Ƙofa suke kallo, inda makullansa ke reto, da ɗan gwangwani a jikinsu mai lamba sha bakwai.