Henry Yana Dawowa Ranar Litinin

Ranar Juma'a da la'asar Scholastica ta sake goge Henry. Ta danna sunansa, kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Karo na goma sha tara kenan.

Ita ce sakatariyar wata gonar kaji a Palladan. Akwai 'yan awaki da tumaki a baya, amma ƙwai ne sana'ar. Hedikwatar kamfanin na Legas. Shekara uku ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu aikin nan, kuma mamanta ta riga ta tashi a coci ta ba da shaida a gaban kowa.

A farkon 2008 hedikwata ta turo wani injiniya, Bamidele, ya kafa farantin intanet a kan rufi. Ya ce daga yau bayanan kamfani duk a intanet za su zauna, Legas na gani. Ya saita abin yadda duk Litinin ƙarfe goma na safe na'ura za ta ɗauki fayil ɗin sunayen ma'aikata da kanta ta juye can, ba sai an taɓa ba.

Ya ce a ba shi fayil ɗin yanzu-yanzu, motarsa za ta tashi. Scholastica kuwa in aka tsaya mata a ka, rikicewa take. Jerin sunaye biyu ne a buɗe a gabanta, garin sauri ta kwafo layi ɗaya daga wancan ta liƙa a wannan. Bamidele ya kulle fayil ɗin da lambar sirri, ya hau acaɓa. Bayan wata guda aka ji ya tafi Kanada.

Layin nan na Henry ne.

Henry dai ba a ɗauke shi da takarda ba. Motar kamfani ce ta kawo shi daga Sakkwato, aka ba shi wuri a baya, ci da kwana duk a nan. Ba ya gaida kowa. Scholastica tsoronsa take ji tun ranar da ya biyo ta har bakin famfo.

A kan allo tana iya goge shi. Fayil ɗin ne ba ta iya taɓawa. Duk Litinin ƙarfe goma da minti ɗaya, sai ga shi ya dawo, tsakanin Habila direba da Ibro mai kwasar ƙwai. Ta taɓa kashe janareta tun tara da rabi. Ana kunnawa da azahar ya shigo.

Ta kasa faɗa wa kowa, don Madam Nwamaka ta hedikwata ta aiko da sanarwa: duk wanda ya shigar da shirme cikin na'ura, a bakin aikinsa.

Ita kuma na'urar, in ba a rubuta maka latti ko hutu ba, ɗauka take kullum kana nan. Manaja, Malam Shehu, shi ke rubutawa. Wannan ya je jana'iza a Unguwar Gabas, wancan suna a Jama'a, shi kansa yakan daɗe in ya tafi masallacin Juma'a. Henry ne kaɗai bai taɓa rubuta wa komai ba. Ba zai ma zo masa a rai ba.

A Disamba wasiƙa ta iso. Na'ura ta zaɓi Henry gwarzon ma'aikaci a duk rassa goma sha ɗaya. Madam za ta zo da kanta ta miƙa masa takardar yabo, ta naɗa shi mataimakin manaja.

Malam Shehu ya karanta sau biyu, ya cire hula.

"Sikola, wane Henry?"

"Yallaɓai, Henry nawa gare mu?"

"Innalillahi. To ke za ki yi mata bayani, ni yau ina da ciwon kai."

Madam ta iso da hantsi. A Sabon Gari ta tashi, Hausa kamar jakar Kano. Ta tara ma'aikata ta yi jawabi. Ta ce ita ta matsa wa daraktoci suka sayi na'urar nan, wasu na cewa ɓarnar lokaci ce, yau ga shi ta zaƙulo mutumin da ko manajansa bai taɓa ambata ba. Ta ce hotonsa za a sa a kalandar kamfani.

"Ina yake?"

Kowa ya kalli ƙasa.  Da yatsa Scholastica ta nuna bayan ɗakin kaji.

"Kun gani? Ana bikinsa ma yana bakin aiki."

Madam ta tafi ita kaɗai, takarda a hannu, takalmi na ƙwas-ƙwas. Minti biyar. Minti goma. Scholastica ta koma ofis ta fara zuba kayanta a leda: kofi, man shafawa, hoton mamanta.

Madam ta dawo ba takarda, gefen zanenta a yage. Ta tsaya a ƙofar ofis ta daɗe tana kallon kwamfutar.

"Wa ke da lambar sirrin nan?"

"Bamidele, Madam. Yana Kanada."

"Daga Legas ba mai zuwa nan sai ni?"

"Sai ke, Madam."

"To. Na ga Mista Henry. Ya karɓa. Ba ya son hoto." Ta dubi ledar. "Mayar da kayanki. Na'urata ba ta kuskure, kin ji? Kar ki ƙara goge shi."

Da motar ta fita, Scholastica ta lallaɓa baya ta leƙa daga nesa. Sabon mataimakin manaja na nan a gindin mangwaro, ɗaure da igiyarsa. Ya gama da takardar yabon sai kusurwa ɗaya mai hatimi, ya ɗago ƙaho ya kalle ta, ya ci gaba da tauna, kamar kowane bunsuru.